Sunana a Zauren Masu Dafa Giya

Daren Talata, unguwar Abbasiya

Barci ya ƙi zuwa. Famfon da nake ɗura zoɓon sayarwa da shi ya lalace jiya, zafi ya narkar da robarsa. Na zaga kasuwar Ataba ban samu mai jure tafasasshen ruwa ba. Sai a wani zauren intanet na Turawa masu dafa giya a gida na ga wani zai sayar da nasa, na ƙarfe.

Na yi masa magana a ɓoye, ya ce dokar zauren ta hana. Mai so ya rubuta a ƙarƙashin tallar kowa ya gani, don kada a tsallake layi. Ni kuwa na rubuta, da sunana, ga hotona da rawani.

Da na gaya wa Bashir, abokin ɗakina, sai ya ajiye cokali. "Malam, ma'alish, ka yi haƙuri, amma in wani ya gani ya tura wa Babanka fa?"

Baba limami ne. Wa zai tsaya ya ji zancen zoɓo?

Ya Allah, sai yanzu ma na tuna abin da ya daɗe yana bi ta cikin famfon Baturen nan.