Gyaran da na yi a ɓoye ya tabbatar wa Malam Habu laifi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin Litinin nake buƙatarta.

Ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, ni ke kula da kwamfutocin da ke sarrafa injina. Bara aka sa sabuwar na'urar auna zafi a injin narka roba, kwamfutar ta ƙi gane ta, sai na rubuta ɗan kod, wato umarnin kwamfuta, da zai haɗa su, a can cikin kanel, wato gindin manhajar da komai ke zaune a kai. Ya yi aiki, har manaja ya yaba min a gaban mutane.

Bayan 'yan watanni injin ya fara sandarewa. Allo ya tsaya cak, hita na ta ci, roba ta ƙone a ciki, a kwana biyu ana kankarewa. Kusan kullum a hannun Malam Habu abin ke faruwa, wani dattijo ne daga Na'ibawa, tun ina firamare yake kan injin nan. A karo na huɗu abokin aikinsa ya ƙone a hannu. Manaja ya ce Malam Habu ne ke danne-danne, shi kuma ya rantse bai taɓa komai ba. Aka tambaye ni, na ce ɓangarena lafiya lau, wallahi a lokacin haka na ɗauka. Aka sallame shi.

Hankalina dai bai kwanta ba, na zauna na bi kod ɗin layi-layi. Duk sanda zai karanta zafi yakan ari wuri a memori, wato ma'ajiyar kwamfutar, in ya gama ya saki. To idan na'urar ta turo amsar da ba daidai ba, na rubuta ya fice kawai, na manta layin da zai saki wurin. Irin wannan amsar kuma tana tururuwa ne idan an ɗauke wuta an koma janareta, yawanci bayan la'asar, lokacin aikin Malam Habu ke nan. Memori na ta yoyo har ya ƙare, a hannunsa. Da na gani sai da na fita na wanke fuska.

Layi uku na ƙara. Don gwaji na zare wayar na'urar na mayar ya fi a ƙirga, memori bai motsa ba. Na ɗora gyaran wata Asabar ban gaya wa kowa ba, na ce sai na nutsu zan yi bayani. Yau sati biyar injin bai tsaya ba, manaja sai cewa yake kun gani ko, tunda mutumin nan ya tafi muka huta. Ya hana a ba shi takardar shaidar aiki, wani kamfani a Bompai ya so ɗaukarsa, da suka bugo aka ɓata shi.

Jiya Malam Habu ya tare ni a ƙofar kamfani. Ya ce, "Injiniya, an ce kwamfutar nan tana ajiye duk abin da aka danna. Ka duba min. Ko ba su mayar da ni ba, iyalina su san ban yi ba." Na ce to Baba, zan duba muku. Ya riƙe hannuna yana ta sa min albarka, ya ce Litinin zai dawo.

Matata ta ce in je in faɗa kawai, ta gaji da ganina ina ture abinci. Abokina kuma ya ce hauka nake, manajan ba ya yafiya, korata zai yi, maganar ƙunar hannun ma kaina za ta dawo, gara in ce matsalar wuta ce. Amma har yanzu ana ɗauke wutar, dole a tambayi me ya sa injin ya daina tsayawa. Ina da yara biyu da mahaifiya a wuyana, shi ma Malam Habu yana da nasa.

Jama'a ya zan yi? In fara samun manaja, ko in fara gaya wa Malam Habu? Kuma in na faɗa aka kore ni, shi ma ba a mayar da shi ba fa? Ku gaya min gaskiya ko da zagi ne. Abin da na sani kawai, ba zan iya kallon dattijon nan ranar Litinin in ce masa ban ga komai ba.