Burtsatsen Kang Tarmudi

Litinin, 8 ga Mayu

Yau ma na buga goshi a saman ƙofa. Shekara hamsin da biyu ina shiga ta ƙofar nan, yanzu sai na sunkuya kamar mai gaida suruki. Sau uku muka yi wa daɓen ciko tun rasuwar Baba, ƙasa tana hawa, rufi yana nan inda yake. Tagar ɗakin Inna yanzu a gwiwata take.

Teku ya shigo da la'asar, ya tsaya a idon sawu, ya fita ya bar min laka da wari. Ciko na huɗu ba zai yiwu ba sai an ɗaga rufi, in ba haka ba gidan ya tashi aiki. Kang Tarmudi ya ce zai turo kafinta. Yayana ne, shi ya sa nake ce masa Kang, gidan ubansa ne shi ma, marinarsa kuma bango ɗaya ne ya raba mu.

Alhamis, 11 ga Mayu

Kwana uku famfo ko ɗigo. Rijiyar tsakar gida ta zama zartsi, ko kaza ba ta sha. Sai jarkar mai kura.

Asabar, 13 ga Mayu

Na kai marina zannuwan batik biyu da na gama zana wa ado da kakin zuma, na karɓo wanda aka rina aka wanke jiya. Ina shanya shi gabana ya faɗi. Shuɗin ya yi kyau da yawa.

Tun da muka koma ruwan famfo shuɗi a koɗe yake fitowa, saboda maganin da ake zuba wa ruwan. Wannan kuwa shuɗin da ne, na ruwan burtsatse. Shekara arba'in ina wannan aiki a garinmu Pekalongan, ko cikin barci aka nuna min zan gane. Kuma kwamin wankin marinar cike yake taf, alhali famfo a mace.

Shekara biyu ke nan da malamar jami'a ta zo da ma'auninta, ta ce unguwar tana nutsewa kusan faɗin tafin hannu duk shekara. Ta ce ba teku kaɗai ke hawa ba, mu ma sauka muke, don muna zuƙe ruwan da ke riƙe da ƙasar. Aka taru a masallaci, aka ci shinkafa a faranti ɗaya, aka shafa Fatiha, kowa ya ɗura siminti a burtsatsensa. Na Kang Tarmudi ni na ɗauko bokitin a kaina, ni na juye a bututun. Har tafi aka yi min.

Lahadi, 14 ga Mayu

Ƙila sabon shuni Kang ya samo. Allah ya sa.

Talata, 16 ga Mayu

Kafinta ya zo, tsoho Kasnawi. Ko kallon rufin bai yi ba, tsagar bangon da ke gefen marina ya tsaya a kai, ya zura yatsa biyu ciki. Ya ce, "Casmi, gidan naki zama yake ta gefe ɗaya, kamar mai ciwon ƙugu." Ya sa fensir ya yi alama a ƙarshen tsagar. In ta tsaya nan zai ɗaga rufi. In ta wuce, babu ruwansa, ba zai kashe mutum ba.

Juma'a, 19 ga Mayu

Ba a rini ran Juma'a. Da maza suka tafi masallaci na shiga marina, Allah ya yafe min. Tsohon bututun yana nan a tsakar marinar da simintina a bakinsa, har an ɗora masa tukunyar fure. Sai na ji wani gurnani ƙasa-ƙasa daga ɗakin ajiyar farin yadi. Na janye dila biyu, na ɗaga tabarma, na ɗaga katako.

Sabon bututu, kaurinsa ya fi na da. Na dafa shi, sanyi ƙarara. Taku shida ne daga nan zuwa gadon da nake kwana, na ƙirga.

Ban iya cin abinci ba.

Asabar, 20 ga Mayu

Na sami Kang yana duba launi. Bai ma musa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ce, "Mata ashirin ke cin abinci a nan, Casmi, har da ke. Da ruwan famfon da ke zuwa ran da ya ga dama zan yi rini?"

Na ce, "Kang, ka bar ni na ɗauko siminti a kaina kana kallona?"

"Ai kin toshe wancan tsakani da Allah," in ji shi, har da murmushi. Sai ya kawo zancen otal-otal da masana'antun bakin titi masu zuƙa ba dare ba rana. Wai nasa ɗan tsirit ne. Na ce otal bai shafa Fatiha da ni ba, otal bai sha nonon uwata ba. Ya ce in rage murya. Ban rage ba.

Talata, 23 ga Mayu

Ruwa har gwiwa. Na kama ƙaramin kifi a ƙarƙashin gado. Tsagar ta wuce fensir da yatsa uku.

Laraba, 24 ga Mayu

Na je wajen mai unguwa, Pak Rohadi. Ya ba ni kujera, matarsa ta kawo shayi. Na zayyana masa komai, yana ta gyaɗa kai yana kallon ƙafarsa. "Bu Casmi, a yi haƙuri, za mu zauna a kai." Ko mamaki bai yi ba, ko a ina ramin yake bai tambaya ba.

A hanya na biya wa Yu Darsinah, wadda muka koyi riƙe kaskon kaki tare tun muna 'yan mata. Na fara ba ta labari, sai ta kama hannuna ta ce, "Casmi, zauna." Ashe kowa ya sani. Duk ran da famfo ya ɗauke, ta ƙofar bayan marina suke bi da jarkoki lokacin da nake kasuwa. Mai unguwa, liman, ita kanta. Tankin alwalar masallaci ma daga can ake cika shi.

Na ce, "Yu, ke ma?" Ta ce, "Jikoki uku gare ni, gishiri zan ba su? Ke kaɗai aka ɓoye wa, don an san bakinki."

Shayin Pak Rohadi kuwa ya yi daɗi, sai yanzu na gane dalili. Tir! Wata nawa ina alwala da ruwan da ke cin gidana, ina roƙon Allah ya tsayar min da bango.

Asabar, 27 ga Mayu

Matar Kang ta aiko da shinkafa da soyayyen tempe, wainar waken soya. Na mayar. Ban karɓo sabon yadi ba, ban gaida kowa ba. Su ma sun huta.

Laraba, 31 ga Mayu

Kasnawi ya dawo, ya dubi alamarsa, ya mayar da fensir bayan kunne. Ya ce ko yau aka rufe ramin, ƙasar da ta sauka ba ta dawowa. Na tambaye shi damina nawa suka rage wa gidan. Ya ce shi kafinta ne, ba boka ba. Da zai fita shi ma ya buga goshi, na yi dariya, sai ta koma kuka.

Asabar, 3 ga Yuni

Titi ya cika da ruwa, mai kura ya daina shigowa. Famfo shiru. Saura rabin jarka.

Litinin, 5 ga Yuni

Na je. Ƙofar bayan marina, da jarkata. Ba zan yi dogon rubutu a kai ba. Yu Darsinah ta matsa min wuri a layi. Kang ya leƙo, ya gan ni, ya koma ciki. Da ya yi magana da na watsa masa ruwan. Lalura ce, kafin famfo ya dawo. Ban yafe wa kowa ba.

Litinin, 12 ga Yuni

Famfo ya dawo tun shekaranjiya, yana warin magani. Na dai je ƙofar baya da jarka ɗaya, don shayi kawai. Na karɓo yadi biyu kuma, tunda na riga na je.

Daga layin ana hango rufin gidanmu ta kan katanga, ya karkato wajen marina, ban taɓa ganinsa daga nan ba. Na daɗe ina kallo. Sai na ce wa Yu Darsinah ta yi sauri, na bar wuta a kunne.