Sunan Madugun Gidanmu

Assalamu alaikum Kaka, angona na fari. Yaya ƙafar taka, yaya su Inna? Mu nan Doha lafiya lau.

Jiya maƙwabciyata, Bahaushiyar Gana, ta kawo mini goro. Ta ce kakanninta fataken Kano ne da suka kai kanwa Gwanja, ba su komo ba. Da na ce kakan-kakanmu ma madugu ne, sai ta riƙe hannuna: "'Yar'uwa, wa sunansa? Ƙila ayarinsu ɗaya!"

Kaka, ashe ban san sunansa ba. Sanda kake ba da labarin a zaure, ni ina ɗaki da littafin soyayya.

Don Allah ka sake ba ni, tun daga zuwan Wangarawa, fataken Mali, ƙasar Hausa. Wannan karon zan rubuta.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Jikarka, Hauwa'u