Amsar da Kaka Ya Ba Injiniya

Leh, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Nargis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, Allah ya ƙara muku lafiya a can Dehradun. Mu nan kalau muke. An gama shigar da sha'ir, sanyi ya fara cizo da safe. Gwiwar Inna ce dai har yanzu, likita ya ce ta riƙa zuwa asibitin Leh duk mako.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya. Kin san aikin farko da aka ba ni a tashar motocin da ke tafiya da iskar haidurojin shi ne in gano abin da cika tankin bas ɗaya yake ci. Na haɗa komai: wutar rana da ake raba ruwa da ita a fitar da iskar, da injin matsa ta, da gyara, da abin da sanyi ke ragewa. Sau uku ina sakewa don tsoron kuskure. Amsar ba ta canza ba, kuɗin ya ninka na dizal nesa ba kusa ba. Sai ofis ya ce dole a rage hanya ɗaya, kuma ta ƙauyenmu ce mafi nisa.

Maigidanmu, Injiniya Rawat, daga can ƙasan duwatsu ya zo, bai daɗe a nan ba, amma yana da kirki. Ya ce ba zai yanke ba sai ya ji daga bakin dagaci, wato Kaka Ghulam. Ya ce in raka shi in yi tafinta, don ba ya jin yarenmu. Da muka isa, Kaka ya rataya masa farin gyale na maraba, aka kawo shayin man shanu. Injiniya ya yi bayanin tsadar, sannan ya tambaya ko lallai muna buƙatar motar, domin in haka ne zai yi ƙoƙari a bar ta.

Kin san Kaka. Ko shayi aka miƙa masa sai ya rufe kofi da hannu sau biyu, a na uku ya karɓa. Haka ya yi. Ya ce a'a, kada su wahalar da kansu saboda tsofaffi irinsu, ƙafa ai Allah ya ba su. Yana faɗa yana murmushi, yana jiran a sake tambaya. Ni kuwa, da na zauna a jami'a ana koya mini kada in ƙara kada in rage, sai na juya maganar daidai yadda ta fito. Injiniya ya yi godiya, ya yaba dattakun Kaka, ya tashi. Na san abin da ya faru tun kafin mu sa takalma, amma bakina ya yi nauyi in gyara maigida a gaban mutane.

Yanzu bas ba ta hawa ƙauyenmu. Inna a bayan motar kayan Kawu Akbar take zuwa asibiti. Gwaggo Kulsum ta tare ni a bakin rafi, ta ce wai an tura ni karatu na dawo da kunnen baƙi, ko akuyarta ta san a'ar farko ba amsa ba ce. Mata suka yi ta dariya. Gaskiyarta ce.

Jiya na daure na bayyana wa Injiniya al'adarmu. Ya dafe kai, ya ce me ya hana ni faɗa. Ya yarda zai koma ranar Alhamis, kafin a rufe tsarin zirga-zirgar motoci na hunturu, amma tare da babba daga ofis, wanda ba zai zauna shan shayi ba.

Ga roƙona, Yaya. Ke kaɗai Kaka yake jin maganarki. Ni in na buɗe baki sai ya ce me yarinya ta sani. Shi har yau bai san an rufe maganar ba. Kullum sai ya sa a ajiye kofin baƙi, wai mutumin nan mai ladabi ne, zai dawo ya ƙarasa tambayarsa. Don Allah ki kira shi kafin Alhamis. Ki ce masa wannan karon sau ɗaya za a tambaya.

Ki gaida maigidanki Yaya Shabbir, da Zehra da ƙaramin Baqir. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarki,
Marziya