Nasiru Ya Faɗi a Tudu

Daren Asabar, Mabera.

Da safe ni da ƙanena Nasiru muka shiga tseren gudun dogon zango a ƙauyukan bayan Dundaye. Hanyar duk hawa da gangara ce, gero kore shar dama da hagu. Nasiru har tsokanata yake, wai in bar kallon gona in ɗaga ƙafa.

A tsakiyar wani dogon tudu na ga ya dafe ƙirji, ya durƙusa, ya kife. Nasirun da ke saɓa cinyar bijimi a mahauta kamar ba komai. Wani manomi ya kai mu bakin titi a amalanke.

A asibiti likita ya ce ciwon zuciya ne, kuma tun bara aka hana shi gudu. Da ya farfaɗo na ce, "Ashe ka sani?" Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, kak ka hwaɗa ma Inna."

Ɗazu Inna ta kira tana dariya. "Wa yac ci tsakaninku?"

Na ce mata ba mu ƙarasa ba. Ban san da wane baki zan shiga ɗakinta gobe ba.