Abin da Na Faɗa wa Likita a Parakou

Baba,

Bayan gaisuwa, Allah ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ni za ka kira in karanta maka, tunda ni kaɗai ka sa a lakwal, makarantar boko.

Gida lafiya. Rumfarka ta goro a kasuwar Arzèkè tana hannun Yaya Sani, kuma ya fi ka tsawwalawa. Yanzu da gwamnatin juyin juya hali ta zo, kowa kamarad ake kiransa a garin nan, har mai unguwa.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da likita ya duba ƙafarka a asibitin Parakou, ya ce da Faransanci ruɓar ta kusa gwiwa, a yanke ko a bari zaɓi naka ne, kuma ko an yanke bai yi alkawarin komai ba. Na fassara maka daidai. Ka ce a mayar da kai Djougou, ka cika a gidan da aka haife ka, a binne ka da ƙafafunka biyu. Sau biyu ka faɗa. Na juya na ce wa likita ka yarda a yanke. Yaya Sani yana tsaye, ba ya jin Faransanci, har godiya ya yi.

Kwana tara ka yi bayan aikin, ba ka sake ganin Djougou ba. Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni yadda aka yi ba. Ka gane ne ka yi shiru? Tsoron rasa ka ne ya sa ni, kuma na yi nadama.

Yanzu Inna ce ba lafiya, ciki ya kumbura. Na je Djougou inda take zaune, na tambaye ta abin da take so idan ciwon ya yi nisa, a gaban liman da ƙanenta Kawu Isa. Dangi sun ce fatan mutuwa nake yi mata. Ita ko a jikinta. Ta ce a ba ta maganin rage zafi, amma ban da wuƙa, ban da kwana a asibiti. Na rubuta, ta dangwala yatsa.

Jibi za mu kai ta wurin likita tare da takardar da ta dangwala wa yatsa, ya gani. Na roƙi maƙwabciyarta, malamar lakwal, ta shiga ta yi mata tafinta. Ni a waje zan tsaya, don ban yarda da bakina ba.

Allah ya gafarta maka. Sai mun zo.

Ɗanka,
Habu