Inna Ta Kira Sunana

Gazawa, daren Laraba, shekara ta biyu ba damina

Dole in rubuta wannan. Yau Inna ta kira sunana.

Ni ce ɗiyarta ta fari. Tun da ta haife ni, kunya ba ta taɓa barin ta furta sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". Ina ƙarama har kuka nakan yi a kan haka.

Tun da shanunmu suka ƙare, Baba ya bi bayansu, Allah shi jiƙan shi, hankalinta ke tafiya yana dawowa. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce, yunwa da baƙin ciki suka taɓa ta. Ashe kunyar uwa ma a cikin kai take zaune? Ni na zaci a zuciya take, inda yunwa ba ta kaiwa.

Da na dawo daga layin rabon dawa, na dama mata kunu. Ta karɓa da hannu biyu kamar baƙuwa, ta ce, "Sannu Rakiya, Allah shi yi maki albarka. In kin gamu da ɗiyata a hanya, ki ce mata ta dawo gida."

Na ce, "To, Inna."

Ga ta nan kusa da ni tana barci. Ya Allah, in gari ya waye, wa zan ce mata ni ce?